Filawud mai kaurin nawa zan shimfiɗa a rufi?

Tambaya: Salam Malam, rufin shingil zan yi, wato fallayen nan da ake jerawa a kan filawud a buga musu ƙusa, kafinta ya ce filawud mai milimita 9 ya isa wai a rage kuɗi, ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya 9 ya yi siriri. Fara auna tazarar da ke tsakanin raftocin, wato katakan da za ka shimfiɗa filawud ɗin a kansu, in santimita 60 ce to kar kaurin filawud ɗin ya sauka ƙasa da milimita 12, ni da nawa ne 15 zan saka, don siririn da kafinta ya taka za ka ga ya lotsa, ƙusa ma ba ta kama shi sosai, damina biyu rufin ya fara tudu da kwari. Sannan a bar 'yar kafa kamar milimita 3 tsakanin allunan, katako na kumbura in ya sha laima.