Groovy a cikin Tomcat: dalilin da rubutunka ba ya ganin kilas ɗin manhajarka

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, ka ajiye jar (fayil mai ƙunshe da kilas na Java) ɗin Groovy, yaren rubutun da ke aiki a kan Java, a foldar lib ta Tomcat, sabar da ke gudanar da manhajojin yanar gizo na Java, manhajarka kuma tana cikin WAR, fayil ɗin da ake ƙunshe manhaja a tura wa Tomcat, sai rubutun Groovy ya riƙa cewa "unable to resolve class" da zarar ya nemi kilas ɗinka na Dalibi. Da ka kwafi jar ɗinka ka ƙara a lib, kuskuren farko ya ɓace, sai ga ClassCastException yana cewa Dalibi ba Dalibi ba ne. Laifin ba na Groovy ba ne. Matsalar tana wajen masu lodi, wato waɗanda ke ɗauko kilas daga jar su shigar da shi JVM, injin da ke gudanar da Java.

Tomcat ba mai lodi ɗaya gare shi ba. Akwai na gama-gari da ke kula da foldar lib, sannan kowace manhaja tana da nata, wanda ke karanta WEB-INF/classes da WEB-INF/lib. Na gama-garin uba ne, na manhaja ɗa. Ɗa yana ganin kayan uba, uba kuwa bai san abin da ke ɗakin ɗa ba. Idan ka rubuta new GroovyShell() ba ka miƙa masa komai ba, mai lodin da ya ɗauko Groovy ɗin shi zai yi amfani da shi, a wurinka kuma uban ne. Ko shekara zai yi yana nema ba zai ga Dalibi ba.

Kuskure na biyu ya fi ruɗa mutane. A wurin JVM suna kaɗai ba ya isa a gane kilas. Sai an haɗa da wanda ya lodo shi. Mai lodin manhaja a Tomcat kuma ɗakinsa yake fara dubawa kafin ya tambayi uba, saɓanin yadda aka saba a Java. Sabulet ɗinka (servlet, kilas ɗin da ke amsa buƙatun yanar gizo) ya ɗauki Dalibi na WEB-INF, Groovy ya ɗauki na lib. Suna ɗaya, ko harafi bai bambanta ba, amma kilas biyu ne.

Gyaran shi ne kowane jar ya zauna wuri ɗaya tak. Cire naka da na Groovy daga lib, ka sa Groovy a WEB-INF/lib, sannan daga cikin sabulet ka miƙa mai lodin da hannunka: new GroovyShell(getClass().getClassLoader()). Ka kashe Tomcat gaba ɗaya ka sake kunna shi, domin sake tura WAR ba ya taɓa abin da uba ya riga ya ɗauko. Wani zai ce maka ka sa delegate="true" a Loader cikin context.xml. Kuskuren zai yi shiru, gaskiya ne, amma kwafi biyun suna nan, kuma ran da ka sabunta na WAR tsohon na lib ne zai ci gaba da aiki kana ta mamakin inda gyaranka ya shige.

Kafin ka taɓa komai ma, ka tabbatar da idonka. Buga Dalibi.class.getClassLoader() da Dalibi.class.getProtectionDomain().getCodeSource().getLocation() sau biyu, ɗaya a sabulet ɗaya a rubutun. In hanyoyin sun bambanta, shi ke nan. In kana son ganin komai, ƙara -Xlog:class+load a CATALINA_OPTS cikin setenv.sh, in Java 8 ce kuwa sai ka sa -verbose:class.

Idan ta ScriptEngineManager kake bi, getEngineByName("groovy") ba ya ihu in bai samu ba, null kawai yake dawo maka da shi. Ka duba ko groovy-jsr223 yana cikin WAR, domin jar ne daban. In ka dunƙule jar da yawa suka zama ɗaya, ka duba fayil ɗin META-INF/services/javax.script.ScriptEngineFactory bai salwanta ba. Abin da ya fi ɓoyewa shi ne zare, wato thread, layin aikin da shirin ke gudana a kai. ScriptEngineManager da ba a ba shi mai lodi ba na zaren da yake ciki yake ɗauka. Tomcat yana saita wannan daidai a zaren da ke amsa buƙata, amma a ForkJoinPool.commonPool, inda parallelStream ke aiki, tun daga Java 9 mai lodin tsarin ne a wurin, shi kuwa bai san WEB-INF ba. Shi ya sa abu ke aiki in an kira shi kai tsaye, ya mutu a bayan fage. Ka miƙa mai lodi ga manajan, ko ka saita setContextClassLoader kafin aikin ka mayar da tsohon cikin finally.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma yana tafe. Duk kiran evaluate sabon kilas yake haifarwa, Script1, Script2, haka har ɗaruruwa, kuma muddin GroovyShell ɗin yana raye yana riƙe da su, suna cin Metaspace, ɓangaren ƙwaƙwalwa da JVM ke ajiye bayanan kilas, sai ka ga OutOfMemoryError. Ka harhaɗa rubutu sau ɗaya da parseClass na GroovyClassLoader, mai lodin Groovy, ka ajiye kilas ɗin a ConcurrentHashMap, kowace buƙata kuma ka yi mata sabon abu da InvokerHelper.createScript da Binding nata, wato ma'ajin bayanan da ake miƙa wa rubutun. Kada buƙatu biyu su ci a Binding ɗaya, bayanan wani za su faɗa wa wani. A contextDestroyed, wanda ake kira lokacin rufe manhaja, ka rufe GroovyClassLoader ka tsayar da duk zaren da ka kunna, in ba haka ba kowane sake turawa zai bar tsohon mai lodi maƙale a ƙwaƙwalwa.

Ka kuma gudanar da mvn dependency:tree, umarnin Maven, mai harhaɗa manhaja, da ke nuna jar ɗin da manhajarka ta dogara da su. Groovy 4 ya koma org.apache.groovy daga org.codehaus.groovy, don haka Maven yana ɗaukarsu abu biyu daban, yana iya cusa maka na 3 da na 4 a WAR guda. In ka ga duka biyun, ka cire tsohon da exclusion kafin ka sake gwadawa.