Ina son falona ya koma irin na 'yan Tailan, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam Anti. Na je sari Bankok kwanaki, masaukin da muka sauka adonsu ya tafi da ni wallahi, ko'ina katako ga wata irin natsuwa. Ina so in mayar da ƙaramin falona haka, amma mai yi min kujeru ya ce sai na sayo gumaka da giwaye masu ruwan gwal. Haka ne?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. Mai kujerun nan kasuwarsa yake nema kawai. Natsuwar da kika ji ɗin nan ba gunki ne ya kawo ta ba, katako ne da zaman ƙasa da kuma rashin cika ɗaki da tarkace.

Gidan gargajiya na Tailan a kan turaku ake ɗora shi saboda ambaliya, rufinsa mai tsini don ruwan sama ya zube da sauri, bangon kuma allunan katakon tik ne, wani icce mai ƙarko, da ake harhaɗawa ba ƙusa, har ana iya kwance gidan a kai shi wani wuri. Ba a shiga da takalmi, a ƙasa ake zama a ƙasa ake cin abinci. To kin ga in kika ajiye manyan kushin ɗin nan namu masu cinye rabin falo ai magana ta ƙare tun ba a fara ba.

Ki fara da matashinsu mai kusurwa uku, wanda ake haɗa shi da 'yar katifa mai naɗewa, ki jingina bayanki ƙafa a miƙe. Kin san me ake cusawa a ciki? Audugar rimi ce fa, irin wadda kakanninmu ke cika matashi da ita, don haka telan da ya san hannunsa zai ɗinka miki in kika nuna masa hoto, sai dai ki ce ya danna audugar sosai, in ta yi sako-sako wata biyu ya kwanta. Sai ɗan gajeren teburi mai zagaye, a arewacinsu wajen Chiang Mai khantok suke ce masa, da tabarma mai kyau.

Tik na asali yana da tsada, tun 1989 gwamnatinsu ta hana sarar itace a dazukan ƙasar. Ki nemi katako mai nauyi na nan gida a shafa masa mai ya yi duhu, kar a yi masa fenti mai ƙyalli, kuma ki tabbatar ya bushe, in ba haka ba hunturu ɗaya zai tsage.

Launi kuma a siliki za ki sa shi, rigar filo biyu ko uku ja ko ruwan goro, da kwano ɗaya na tangaran ɗinsu benjarong mai zanen launuka. Gwal kaɗan, kamar gishiri a miya.

Batun gunkin Buda, ko a ajiye maganar addininmu gefe, su kansu 'yan Tailan ba sa son a mayar da shi kayan ado, raini ne a wurinsu, fitar da shi daga ƙasar ma sai da takardar izini. In kin koma Bankok ki ware awa biyu ki leƙa gidan Jim Thompson, Ba'amurken da ya tallata silikinsu a duniya, tsofaffin gidajen tik shida ya haɗa wuri ɗaya a 1959. Ki ɗauko wa mai kujerun naki hotuna.