Tambaya da Amsa: in na sa Android a mota, me zai daina aiki?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato sikirin ɗin nan na Android da ake cire rediyon kamfani a sa a dashbod, toh na zaɓo guda biyar da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya daga wani ɗan uwa a Kubwa: Salam malam, ina da Camry 2009 Muscle mai JBL, aikin Bolt nake yi da ita, ina so in sa Android saboda taswira don riƙe waya a hannu ya ishe ni. Wani mai rewaya ya ce zai sa min amma wai maɓallan sitiyari sun tashi aiki kenan, haka abin yake a kowace mota. Da gaske ne?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba haka abin yake ba wallahi, kuma Camry irin taka tana cikin motocin da suka fi sauƙi a wannan ɓangaren. Maɓallan sitiyarin nan ba wani abu ne mai zurfi ba, kowane ɗaya in ka danna yana aika wani ɗan ƙarfin lantarki daban ta wayoyi biyu zuwa bayan rediyo, da haka rediyon ke gane wannan ƙara murya ne wancan canza tasha ne. A bayan sikirin ɗin akwai wayoyi da aka rubuta KEY1 da KEY2, su ake haɗawa da waɗancan biyun tare da wayar as, wato wadda ke haɗe da jikin ƙarfen mota, sai a shiga saitin sitiyari a riƙa danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya ana nuna masa aikin kowanne. In kuma soket ɗin da aka sayo na Camry ne na asali to yawanci wayoyin a haɗe suke zuwa, sakawa kawai za a yi. Wanda ya ce maka ba zai yiwu ba, ko dai bai san wannan ba ko kuma soket ɗin motarka ne ba shi da shi yana so ya yanka wayoyi ya wuce.

Abin da ya fi damuna a motarka ma ba sitiyarin ba ne, JBL ɗin ne, wato tsarin sautin da ta zo da shi daga kamfani. Wannan Camry tana da amfilifaya tata daban mai ciyar da sipika 8, kuma rediyon kamfani ne ke tashinta yana gaya mata yawan murya da gaba da baya ta wata waya ta bayanai. Ka cire rediyon ka sa sikirin da soket na Camry mara JBL, sikirin zai kunna tsaf, hoto ras, amma shiru kake ji, ko tari motar ba za ta yi ba. A nan ne ake ɓata motocin mutane, don mai gaggawa sai ya ce ai amfilifayar ce ta mutu, ya tsallake ta ya yanke wayoyin sipika ya ja su kai tsaye zuwa sikirin, ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif. Sauti zai fito, amma ba wanda ka sani ba, bes ɗin ya tafi, sannan sipikun JBL da yawa ohm 2 ne alhali sikirin ɗin don ohm 4 aka yi shi, kaga kullum cikin zafi zai yi aiki har wata rana ya ƙone. Maganin shi ne wani ɗan akwati da ake kira kanbos wanda ya san JBL, yana zuwa tare da soket ɗinsa, irin su Raise da Hiworld da Simple Soft su aka fi gani, kuma bayan an saka dole a shiga saitin kamfani na sikirin a zaɓi sunan akwatin da irin motar, in ba a zaɓa ba daidai yake da babu.

Don haka tun a shago ka faɗa musu Camry 2009 ce mai JBL, ka nuna hoton rediyonka, kuma dan Allah ka tsaya a kan cewa ba za a yanke maka waya ko ɗaya ba a ɓangaren mota. Soket ya shiga soket. In akwai abin yanka to a ɓangaren sabon soket ɗin da ka saya za a yi, wannan ko ya lalace wani za ka sake saya, amma wayoyin cikin dashbod in aka sassare su duk rewayan da ya zo daga baya lalube zai yi ta yi. Sai eriya, ta motarka a jikin gilashin baya take kuma tana da 'yar na'urar ƙara ƙarfi da ke buƙatar wuta daga shuɗiyar waya, in aka manta da ita za ka ga kana tsakiyar Wuse amma Kapital FM tana shuuu kamar kana dajin Abaji. Kafin a mayar da firem a danna, ka zauna a kujerar direba da kanka, ka danna duk maɓallan sitiyari, ka kai sauti gaba ka kai baya, hagu da dama, ka kama tasha biyu uku, ka kunna fitila ka ga ko hasken sikirin ya ragu, sannan ka biya.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Gwarinpa: Barka da aiki. Corolla 2015 ce, da kyamarar ribas ɗinta ta zo, tun da aka sa Android in na sa ribas baƙi kawai nake gani. Yaron ya ce kyamarar kamfani ba ta aiki da Android sai dai ya huda but ya sa sabuwa.

Hajiya kar ki bari a huda miki mota tukuna. Kyamarar Toyota ta kamfani da 6V take aiki kuma tsohon rediyon ne ke ba ta wutar, shi kuwa sabon sikirin 12V yake fitarwa, to akwai ɗan ƙaramin abu da bai kai akwatin ashana ba mai sauke 12V zuwa 6V, shi ake sawa a tsakani, wasu soket ɗin ma da shi suke zuwa a ciki. Abu uku za a duba miki. Ko kyamarar tana samun 6V ɗinta, ko an haɗa wayar da ke gaya wa sikirin cewa an sa ribas, sai kuma saitin hoto, don sikirin da yawa a kan sabon tsarin hoto na AHD suke zuwa ita kuma kyamarar kamfani tsohon tsari ce na NTSC, in ba a canza ba baƙi za ki gani ko hoto mai rawa. Tunda kin ce yana komawa baƙi in kin sa ribas, alama ce wayar ribas tana nan lafiya, saura biyun. Fatana dai bai riga ya ba ta 12V kai tsaye ba, don hakan na iya ƙona ta, in ya yi to ki sa a gwada da tsohon rediyon a gabanki, in ta mutu a hannunsa ta mutu, ku yi magana ta fahimta a kan wa zai saya. Ko sabuwar za a sa, akwai mai zama a gurbin tsohuwar kusa da fitilar lamba, ba sai an huda ƙarfe ruwan damina ya samu hanya ba.

Tambaya daga Mararaba: Yallabai EOD gare ni, an ce in na cire rediyo AC ma ya tafi.

Wannan kam gaskiya aka gaya maka Malam. EOD ɗin nan Honda Accord ce, kuma Accord ta 2003 zuwa 2007 rediyo da maɓallan AC a jiki ɗaya kamfani ya yi su, ba a raba su. Hanya biyu ce. Ko ka bar na sama yadda yake ka sa ƙaramin rediyo a aljihun da ke ƙasa wajen giya, wanda ba ya taɓa AC ko kaɗan amma idonka zai riƙa sauka ƙasa sosai daga titi, ko ka sayi Android da aka yi wa EOD musamman mai zuwa da nasa abin sarrafa AC. In na biyun za ka yi to ka fara duba motarka, AC ɗinta mai murɗawa da hannu ce ko mai sarrafa kanta wadda direba da fasinja kowa ke da nasa sanyin, domin kayansu daban ne, na wannan ba ya yi wa waccan. Ni a ra'ayina ka nemi wanda ke da maɓallan AC na gaske a jikin firem, ba wanda komai sai ta sikirin ba, saboda ranar da sikirin ya sandare kana cikin goslo ɗin Nyanya zuwa AYA a watan Maris ba ka da yadda za ka ƙara fanka ko ka kashe. Kuma a gwada komai kafin ka tashi, iska ta fuska, ta ƙafa, ta gilashin gaba, da hita ma a gwada ko da ba ka amfani da ita.

Tambaya daga wani matashi a Lugbe: Na je Banex na ga mai 2+32 da 4+64, wani kuma ya ce in sayi Pioneer ko Sony kawai. Wanne ya fi? Sannan Marsandi ML350 ta babanmu ma muna so a sa mata.

Ƙanena, lambar farko RAM ce ta biyun kuma wurin ajiya, amma kar ka dogara da abin da aka rubuta a kwali, kai har abin da sikirin ke nunawa a saitinsa ana iya canza shi, za ka ga an rubuta sabon Android alhali tsoho ne aka sake masa suna. Ka haɗa shi da intanet ɗin wayarka a nan shagon ka sauke manhajar Device Info HW ko CPU-Z ka duba ainihin abin da ke ciki. In ka ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar sikirin, 8227L ce to mai rauni ne, zai yi kiɗa da kyamara amma Google Maps zai riƙa jan ƙafa, in ka samu UIS7862 da RAM 4 wannan ya yi. Mai 1+16 kam ko kyauta aka ba ka zai gajiyar da kai. Ka juya bayansa ka ga ko akwai fanka ko ƙarfen sanyaya mai kauri, dashbod ɗin motar da ta wuni a rana a garin nan ba wasa ba ne, sannan ka fita da shi waje ka kalla cikin rana, wasu a shago kyau kamar me amma a titi fuskarka kawai za ka riƙa gani.

Pioneer da Sony da Kenwood kuwa yawancinsu ba Android ba ne, CarPlay da Android Auto suke yi, wato wayarka ce ke aikin su suna nunawa. Sun fi tsaftar sauti, sun fi saurin tashi, sun fi daɗewa, amma sikirin ɗinsu yawanci kusan inci 7 ne, sun fi tsada, kuma firem da soket da na'urar sitiyari duk daban za ka saya, ga jabunsu cike da kasuwa. In taswira da kira da karatu ko kiɗa ne buƙatarka kuma aljihu zai ɗauka, su zan zaɓa maka. In kuma don kallon fim ne kana tuƙi to wannan ba zan ba ka shawara a kai ba, kan titin filin jirgi ana gudun 100 daƙiƙa biyu kacal da ka kalli sikirin ka wuce mita 55 ba ka ga hanya ba, kuma kai ma ka san yadda mutane ke tsallaka titin nan a Lugbe.

Ita kuwa ML350 ta Baba ku yi a hankali. Masu kayan sauti na Harman Kardon sautinsu ta wayar haske yake bi zuwa amfilifaya, tsarin da ake kira MOST, ba wayar tagulla ba ce balle a murɗa, sai an sayi akwatinta na musamman kuma ko da shi sau da yawa ana rasa saitin gaba da baya. Haka Lexus RX330 mai nabigeshan, AC ɗinta a cikin sikirin na kamfani yake. Irin waɗannan in dai rediyon lafiyarsa ƙalau ni na fi son a bar shi, a sa abin Bluetooth da mariƙin waya mai kyau, ko a samu ƙaramin sikirin na CarPlay mai zama a kan dashbod wanda ba ya buƙatar a kwance komai. In Baba ya dage to a kai wa wanda ya taɓa yin irinta, ya nuna muku motar ku ji sautinta da kunnenku.

Tambaya daga Dutsen Alhaji: Tun da aka sa min sikirin in mota ta kwana biyu ba a tayar ba sai an yi mata jam, batir kuma sabo ne.

Alhaji a duba jar waya da mai ruwan ɗorawa. Mai ruwan ɗorawa ita ce ke da wuta kullum don riƙe agogo da saiti, ja kuma sai an murɗa makulli take samun wuta, in mai aikin ya haɗe su wuri ɗaya a kan wutar batir to sikirin ba ya mutuwa, fuskar ce kawai ke duhu. Ka zare makulli ka jira minti goma ka taɓa jikinsa, in da ɗumi ko kana jin fanka to shi ne. In wayoyin daidai suke sai a shiga saiti a rage lokacin barcinsa ko a kashe shi gaba ɗaya, zai ɗan jinkirta tashi da safe amma batir zai huta, a kuma tabbatar amfilifaya tana mutuwa tare da shi don kanbos da ba na motar ba yakan bar ta a kunne. Rewaya ya sa mita tsakanin kan batir da wayarsa bayan an kulle mota ta nutsu, lafiyayyar mota ba ta cika wuce 50mA ba, in ya cire fis ɗin rediyo lambar ta faɗi to an gano ɓarawon. Kuma a yi da wuri, batirin mota in ya yi ta mutuwa ƙurmus ana tayarwa ba ya komawa yadda yake, sai ka sake sayen wani.