Gwajin kemis ya nuna layi biyu, shin jaririna ya ɗauki HIV ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Shekara 3 ke nan ina ɗauke da HIV, kuma ban taɓa fashin magani ba har na haihu. A gida na haihu, yaron yanzu makonsa 7. Hankalina ya ƙi kwanciya, sai na kai shi wani kemis aka soki yatsarsa, gwajin ya nuna layi biyu irin nawa. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ya ɗauka ke nan? In cire shi daga nono? Maigida ya san halin da nake ciki, amma uwar mijina ba ta sani ba. Daga wata uwa a Tudun Jukun, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da sauka, Allah ya raya. Share hawayenki. Layi biyun nan ba su nuna ɗanki ya ɗauka ba, kuma bai kamata a yi wa jariri wannan gwajin don yanke hukunci ba.

Gwajin gaggawa da ake yi wa manya ba ƙwayar cutar yake gani ba. Abin da yake nema shi ne garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ta. Tun yaron yana ciki garkuwarki ta bi ta mabiyiya ta shiga jininsa, kuma tana iya kaiwa wata 18 kafin ta ɓace. Ke aka gani a jininsa. Uwa irinki mai riƙe magani da gaske, haɗarin ɗanta ya ɗauka bai kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali in babu magani yakan kama daga kashi 15 zuwa 45.

Gwajin jarirai daban yake, ana ce masa PCR, shi kuwa ƙwayar cutar kanta yake nema. Ana yin sa da yaro ya kai mako 4 zuwa 6, wato dab da fita arba'in. Naki ya riga ya isa, don haka kada ki bari makon nan ya wuce. Ki je inda kike karɓar magani, ko Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko na Koyarwa a Shika. Za a ɗan soki diddigensa, a ɗiga jinin a kan kati, ya bushe, a tura ɗakin gwaji. Busasshen jini ba ya buƙatar firji, shi ya sa ko ƙaramin asibitin ƙauye da ba wuta zai iya ɗauka. Wasu wuraren kuma suna amfani da na'urar GeneXpert, irin wadda ake gwada tarin fuka da ita, a ba ki sakamako ran nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a aikin nan shi ne sakamakon da ba a dawo karɓa ba. Na taɓa riƙe takardar wata yarinya fiye da wata biyu a durowa. Uwar ta tafi wankan gida can wajen Soba, lambar da ta bari kuma a kashe. Kullum na buɗe durowar sai gabana ya faɗi, don takardar ta nuna yarinyar tana ɗauke da cutar. Ciwon ba ya yi wa jariri jinkiri kamar yadda yake yi wa babba: in ba a fara magani ba, kusan rabin yaran da suka ɗauka ba sa wuce shekara 2. Wani bincike a Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2008 ya nuna fara magani da wuri ya rage mutuwar jarirai da kashi 76 cikin 100. Allah ya taimaka uwar yarinyar nan ta dawo rigakafi muka gane ta. Ke ki bar lamba biyu, in mako 4 ya wuce shiru, ki taka da ƙafarki ki tambaya.

Nono kuwa ki ci gaba da ba shi, zallansa har wata 6. Ba ruwa, ba kunu, ba zuma, ba jiƙo, domin gauraye shi ne ke ƙara haɗari. In Hajiya uwar mijinki ta matsa a ba shi ruwa saboda zafi, ki ce mata likita ya hana. Gaskiya kika faɗa, kowace mai jego haka muke ce mata, sirrinki kuma yana nan.

Tunda a gida kika haihu, ki gaya musu ko an ba shi ruwan Nevirapine, maganin da ke kare jariri daga ɗaukar cutar, ko ba a ba shi ba. Za su kuma ɗora shi a kan Septrin, mai kare shi daga ciwon huhu. In sakamako ya fito babu, alhamdulillahi, amma za a sake a wata 9, sannan na ƙarshe a wata 18 ko wata 3 bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. In kuma akwai, za a sake ɗaukar jini don tabbatarwa, a fara masa magani nan take. Ki tafi da katin awonki da nasa na rigakafi, in da hali maigida ya raka ki.