Kun Tambaya: rumbu, kaji da lissafin Kirsimeti

Wasiƙun wannan wata kusan duka daga matan karkara suke, kuma duk a kan lokaci ɗaya suka tsaya, wato daga kaka zuwa ƙarshen shekara.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Kowace shekara muna samun masara isasshiya, amma kafin Ista ƙwari sun mai da rabinta gari. Maigida yana jefa ƙwayar magani a cikin buhu, kuma buhunan a ɗakin da yara ke kwana suke. Me za mu yi? Daga wata uwargida a Zonkwa.

Mama, kafin maganar ƙwari, a fitar da buhunan nan daga ɗakin yara yau. Ƙwayar da ake jefawa a buhu, irin su Phostoxin, da zarar ta sha danshin iska sai ta saki iskar guba. Ita ce ke kashe ƙwari, kuma tana kashe mutumin da ya kwana yana shaƙarta a rufaffen ɗaki. Ga shi a buhu na yau da kullum ba ta ma yin aikin kirki, domin iskar na ficewa ta saƙar buhun, bayan 'yan kwanaki sababbin ƙwari su shiga. Sniper da fiya-fiya kuwa ba su da gurbi a jikin abin da za a ci.

Yawanci matsalar daga shanya take farawa. Ƙwarin tun a gona suke shiga masara, danshi ne ke ba su damar hayayyafa, shi ne kuma ke kawo fumfuna. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, ban da tsurar ƙasa, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓar yamma. Ga yadda za ki gane ta bushe. Ki sami kwalbar gilashi busasshiya, ki zuba masara kamar kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da kika busar sosai a rana, ki rufe ki girgiza na minti ɗaya. Ki ajiye minti 15, ki sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa a masarar, a koma shanya.

In ta bushe, a tsince ruɓaɓɓu da masu launin kore ko baƙi. Waɗannan suna iya ɗauke da dafin fumfuna mai lalata hanta da tauye girman yara, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Kada a ce a ba kaji, su ma yana cutar da su.

Sai ajiya a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ba ya buƙatar magani ko kaɗan. Ki hura kowace leda ki danna ki ga ko tana da huda. Ki sa ɗaya cikin ɗaya, ki zuba hatsi ki bar wurin ɗauri, ki matse iska ta fita, ki murɗe bakin ledar ciki ki ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Abu uku ke ɓata wannan aiki: hatsi mai danshi, ɓera, da yawan buɗewa. Don haka a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, a ware buhu ɗaya na ci. Wake kuma, jarka mai murfin kirki da aka cika har baki tana yin wannan aikin.

Ina kiwon kaji don in sayar a Kirsimeti in yi wa yara ɗinki, amma da sanyi ya shigo sai su fara zawo kore, wuya ya murɗe, su mutu. Na ba su jan kafso da barkono, ba su tashi ba. Daga wata 'yar Zumuntar Mata a Billiri.

Alamun da kika faɗa na cutar Newcastle ne, wadda ta fi ɓarna da hunturu. Ba ta da magani in ta kama, kafso ba ya taɓa ƙwayar cutar, kuɗinki kawai ke tafiya. Rigakafi ne mafita. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin wanda ake kira I-2, mai jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya na kowace kaza, har 'yan tsaki, a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Ki yi a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, domin sai ya yi kamar mako biyu kafin ya kama jiki. Kazar da ta riga ta kwanta ba a ɗiga mata.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta da ruwa gara a gama da ita a ranar. A nan Zumunta za ta yi amfani: ku haɗa kuɗi, ku sa rana, kowace ta kulle kajinta tun daren da zai kai ga ranar, malamin dabbobi ya bi gida-gida da sassafe. Sannan ki lura da hanyar da cutar ke shigowa. Kazar da aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, da wadda aka kawo miki kyauta, a ware su mako biyu. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa bayan gida karnuka su yi ta ja.

Mun sami buhu 20 na masara da dawa, mu takwas ne a gida. Ga ushiri, ga bikin godiya na kaka a coci, ga Kirsimeti, ga kuɗin makaranta a Janairu. Bara a watan Yuli muka koma sayen hatsi da tsada. Yaya ake rabawa? Daga wata uwa a ƙasar Kafur.

Ki fara da awo. Mako guda ki riƙa ƙirga abin da kike ɗiba kullum, har da na kunun safe. A ce tiya ɗaya da rabi ne a rana. A wata tiya 45 ke nan, a shekara 540. In buhunku tiya 40 yake ci, kuna buƙatar buhu 13 da rabi, a ce 14 saboda baƙi, biki da rasuwa. Ushirin buhu 20 buhu 2 ne. Saura 4, kuma a cikinsu iri zai fito in ba saye kuke yi ba. Ashe abin sayarwa bai wuce buhu 3 da 'yan kai ba, alhali gidaje da yawa suna sayar da ninkin haka a Disamba, lokacin da kowa ya kai nasa kasuwa farashi ya faɗi, su dawo su saya da tsada a tsakiyar damina.

Wannan lissafi ku yi shi tare da maigida, a rubuce, a sa wa buhunan ci alama. Gardamar "ai akwai hatsi a ɗaki" ta fi sauƙi in lamba ce ke magana. A ganinmu kuɗin makaranta ya riga ɗinki. Hidimar Kirsimeti ta fito daga kaji, akuya, gyaɗa ko waken suya. Baikon godiya kuwa ba gasa ba ne. 2 Korintiyawa 9:7 ta bar wa kowa abin da ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Ko a cire kuɗin taki kafin a fitar da ushiri, wannan ikilisiyoyi sun sha bamban a kai, ku tambayi fastonku.

Adashinmu na mata kowa so take ta kwasa a Disamba. Yaya za mu yi? Daga Mangu.

Ku raba shi biyu. Ƙarami a kwasa a Disamba, babba a fara zubi da kaka lokacin da kuɗi ke hannu, a kwasa a Afrilu da Mayu don taki da iri. A rubuta kowane zubi a littafi a gaban mutum biyu, mai riƙe littafi daban, mai riƙe kuɗi daban, ko da Mama Fasto ce.