Me 'yan sanda za su iya yi wa matar da mijinta ke dukanta?

Tambaya: Ƙanwata tana aure a Abuja, mijinta kuma ya mai da dukanta al'ada, har makon jiya ya fasa mata baki a gaban 'ya'yanta. Iyayenmu na cewa ta ƙara haƙuri, ita kuwa tana tsoron in ta je caji ofis a ce mata maganar cikin gida ce. Shin akwai abin da 'yan sanda za su yi mata?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ya kuma saka miki da kika ƙi yin shiru. Dukan mace laifi ne a idon doka, ko da mijinta ne ya yi shi. A shekarar 2015 aka sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda ke aiki a Abuja, jihohi da dama irin su Kaduna da Bauchi kuma sun kafa tasu. Dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya daki abokin aurensa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ta ɗora wa ɗan sanda ayyukan da ba alfarma ba ne. Wajibinsa ne ya taimaka mata ta shigar da ƙara, ya kai ta asibiti mafi kusa ko ya nemo abin da zai kai ta, ya sada ta da inda za ta kwana cikin aminci, sannan ya raka ta gidan ta kwashe kayanta. Wannan rakiyar ina ba ta muhimmanci ƙwarai, domin na sha ganin matar da ta fito da zane ɗaya da goyo a baya, ta koma ita kaɗai ɗaukar katin asibitin yaro, aka rufe ƙofa aka sake yi mata wani dukan. Haka kuma ɗan sanda na iya neman kotu ta ba da umarnin kariya a madadinta, wanda zai hana mijin kusantarta ko yi mata barazana, kuma saɓa masa laifi ne.

Tsoron da take ji yana da tushe, don akwai jami'an da har yanzu ke cewa "ku je gida ku sasanta". Saboda haka ki raka ta da kanki, ku nemi teburin da ke kula da harkokin mata da yara, ku tabbatar an rubuta koken a littafin ofis, ku kuma riƙe sunan jami'in da aka danƙa wa binciken. Ta ɗauki hoton raunin tun bai warke ba, ta karɓi rahoton likita, ta adana saƙonnin barazana da ke cikin wayarta.

Idan aka yi muku riƙon sakainar kashi, ku nemi ganin DPO, ko ku kai kuka sashen karɓar ƙorafi na rundunar 'yan sanda. Hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ce ke da alhakin aiwatar da dokar a Abuja, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma tana tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Sulhun da iyaye ke so yana iya biyowa baya idan ita ta amince, amma sai tana wurin da hannunsa ba zai kai gare ta ba. In dukan ya sake tashi cikin dare, ta kira lambar gaggawa ta 112 ta fice zuwa maƙwabta tare da yaran.