Amsa ga ɗan'uwanmu na Greensboro mai son cin bashi saboda ranakun wasa

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa na Greensboro, tun jiya na ga tambayarka amma sai yau na iya zama in rubuta, don abin ya taɓo min inda yake min ciwo. Ka ce kai da wani abokinka kuna son ku ci bashin banki na shekara bakwai ku sayi motar abinci, ku riƙa kai tsire da shinkafa bakin filin jami'ar Wake Forest a Winston-Salem, jihar North Carolina, duk ranar da ake wasan ƙwallon Amurka, amma kana jin ana ta surutun wai ACC, rukunin jami'o'in da Wake Forest ke gasa a ciki, za ta watse, ko abin zai shafe ka? Zai shafe ka mana. Ni ya shafe ni, har yau ban gama farfaɗowa ba.

Ni a Pullman nake, garin jami'ar Washington State, waɗanda suka daɗe a gurup ɗin nan sun sani. Ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin alkama, mutanensa ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba, filin wasan kansa yana ɗaukar kusan adadin mutanen garin. Wasa shida ko bakwai ake yi a gida a shekara, kuma otal-otal da gidajen abinci da mu direbobi duk a kan waɗannan ƙarshen makon muke lissafi. A farkon 2022 ni da wani ɗan'uwa muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramar bas don ɗauko 'yan kallo daga filin jirgin Spokane, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. In jami'ar Oregon ko ta Washington za su zo, tun sati biyu kafin wasan kujeru sun ƙare, waya ba ta hutawa.

Ba mu yi wata nawa da sayen motar ba, ranar 30 ga Yuni 2022, jami'o'in USC da UCLA suka ce za su bar rukuninmu na Pac-12 su koma wani rukuni, Big Ten. Kowa a garin yana cewa ai ba komai, goma sun rage, Pac-12 tun 1915 tushenta yake, ina za ta je? Watan Agusta sai ga Big Ten ta sa hannu da tashoshin talabijin na Fox da CBS da NBC, sama da dala biliyan 7 a shekara bakwai. Big 12, wani rukunin, ita ma ta yi sauri ta kulle nata da ESPN da Fox, kusan dala miliyan 31 ga kowace jami'a a shekara. Mu kuwa aka yi ta jan ƙafa sama da shekara, yau a ce sati mai zuwa, gobe a ce nan da wata ɗaya, ƙarshe abin da aka kawo shi ne tayin kamfanin Apple, kowace jami'a a shekara dala miliyan ashirin da 'yan kai, kuma a intanet za a riƙa kallo, sai mutane sun yi rajista da yawa sannan kuɗin ya ƙaru.

Ranar 4 ga Agusta 2023 Juma'a ce. Kafin in tafi masallaci labari ya fara yawo cewa Oregon da Washington sun tafi Big Ten, kafin a yi Isha Arizona da Arizona State da Utah sun bi Colorado zuwa Big 12. Rana ɗaya fa. Na zauna cikin bas ɗin nan a wajen fakin bayan sallah ina duba waya, kujeru duk ba kowa, ƙamshin sabulun da na wanke ta da shi da safe bai ma fita ba, na kira abokin haɗin nawa bai ɗauka ba, na sake kira bai ɗauka ba. Farkon Satumba Stanford da Cal suka shigo naku ACC, daga bakin tekun yamma zuwa na gabas, aka bar mu mu biyu da Oregon State.

To ɗan'uwa ba tafiyar jami'o'in ce ta fi ƙona min rai ba, mutumin nan ne. Bashin da sunana yake don ni ke da takardun da banki ke so, shi ya ba da wani kaso na kuɗin farko, muka yi a kan duk wata kowa zai kawo rabi, a kan amana, a ɗakina, matata ta kawo mana shayi. Mutumin da na ɗauko daga filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, ya kwana a falona har ya samu ɗaki, ni na koya masa tuƙi a kan ƙanƙara. Kakar 2023 ta yi kyau sosai, Wisconsin ta zo muka ci ta, Oregon State ta zo fili ya cika, ya karɓi rabonsa cif bai bar ko sisi ba. Ana gama kakar sai ya ce shi ya gane harkar nan ta mutu, in mayar masa da kuɗin da ya zuba. Na ce a ina zan samo, motar ai tana nan, mu sayar mu raba asarar. Ya ce shi bai san asara ba, shi ajiya ya ba ni. Ajiya! Daga nan ya daina kawo rabinsa, ya tattara ya bar garin, ya kuma shiga gaya wa mutanenmu har na gida cewa na cinye masa kuɗi. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka, wai wata ta je har gida ta faɗa mata. Tsohuwa mai hawan jini. Wallahi wannan kiran ya fi min duk wasiƙun banki zafi, na kwana uku-uku ban iya barcin kirki, ina ta tunanin me na yi wa bawan Allah nan. Da dattawa suka haɗa mu a waya don sulhu, ya rantse da Allah ba mu taɓa maganar rabi-rabi ba, ina ji da kunnena, matata na gefe ta toshe bakinta. Na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba.

Don haka wannan abokin naka, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ku rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, a ƙarshen Baƙara. Ku rubuta wa zai biya nawa, in ciniki ya faɗi ya za a raba asara, in ɗaya yana son fita nawa zai ɗauka, sunan kowa ya hau takardar banki, a sa shaidu biyu. In ya nuna ɓacin rai don ka ce a rubuta, ka samu amsarka tun kafin ka fara.

Kakar 2024 ita ce ta nuna min abin a aljihu. Maimakon manyan da muka saba, aka cike jadawali da jami'o'in ƙaramin rukunin Mountain West, San Jose State, Hawaii, Utah State, Wyoming, ana nuna wasannin a tashar CW. Ba raini ba, yaran suna buga ƙwallo, amma magoya bayansu ba sa cika jirgi su zo. Apple Cup, wasanmu na shekara-shekara da Washington, wanda a bisa juyi a Pullman ya kamata a yi shi a shekarar, aka kai shi Seattle, wannan ƙarshen makon shi kaɗai yakan biya min banki na watanni. Mun ci su 24 da 19, na yi murna har da hawaye, amma ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba. Sannan 'yan wasa suka yi ta fita, Cam Ward ya tafi Miami tun kafin kakar, John Mateer ya tafi Oklahoma, koci Jake Dickert kuma kun san inda ya tafi ai, wajenku Wake Forest ya zo a Disamba 2024. Ban ga laifinsa ba, kowa inda akwai kuɗin biyan ma'aikata da 'yan wasa yake nema, balle tun 2025 da aka yarda jami'a ta riƙa raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wanda ba shi da kuɗin talabijin a ina zai samo wannan?

Naku bai kai namu muni ba, kar in tsorata ka fiye da kima. ESPN na riƙe da kwantiragin nuna wasannin ACC har 2036. Amma ka duba sulhun da aka yi da Florida State da Clemson a Maris 2025 bayan sun kai ƙara: kuɗin fita yana raguwa duk shekara, daga dala miliyan 165 har ya sauko miliyan 75 a kakar 2030 zuwa 2031, kuma mai fita zai tafi da haƙƙin nuna wasanninsa. Kwantiragin Big Ten a 2030 yake ƙarewa, na Big 12 a 2031. Kai ka haɗa lissafin da kanka. Kuma yanzu kashi 60 na kuɗin talabijin ɗin ACC gwargwadon masu kallonka ake raba shi, ba daidai-wa-daida ba. Wake Forest kuwa tana cikin mafi ƙanƙantar jami'o'i a manyan rukunonin nan, ɗalibanta kaɗan ne, tsofaffin ɗalibanta kaɗan ne. Abin da masu talabijin ke ƙirgawa ido ne, ba sa duba ko kana cin wasa. Oregon State ta ci wasa goma a 2022, ta kashe sama da dala miliyan 160 ta gyara filinta aka buɗe a 2023, duk bai hana a bar ta ba. In manyan sun fita, jami'ar North Carolina ake ta ambata, ba wanda na ji yana ambaton Wake. Bashinka na shekara bakwai zai tsallake daidai lokacin da ƙofar za ta buɗe, abin da ya fi damuna ke nan.

Wani abu kuma da ba wanda zai gaya maka sai wanda ya yi: lokacin fara wasa ma ba jami'a ke sa shi ba. Sau da yawa sai saura kwana 12, wani lokaci saura 6, masu talabijin suke faɗin ƙarfe nawa za a fara. Mu nan an sha sa mana ƙarfe bakwai da rabi na dare a cikin sanyin Nuwamba, ko a mayar da wasa daren Juma'a, mutanen da suka riga suka kama kujera su fasa. Kai da za ka sayi nama ka yanka ka jiƙa da ƙuli da yaji, wasan sha biyu na rana da na dare ba ciniki ɗaya ba ne, wa zai ci tsire da ƙarfe goma na safe? Kuma ka je ka tambaya ko ma za a bar ka ka tsaya kusa da filin, don galibi wuraren nan akwai kamfanin da ya riga ya kama kwantiragin abinci, ga lasisin ma'aikatar lafiya, ga inshora.

In ni ne kai, zan sayi motar hannu wadda zan iya biya cikin shekara uku ko huɗu, in gama kafin 2030. Kuma ka fi ni sa'ar gari. Greensboro ba Pullman ba ce, ga mutanenmu na Nijar birjik, ga biki ga suna, ga Sallah ƙarama da babba, ga taron tsofaffin ɗaliban jami'ar A&T da ke cika garin duk shekara, ga ƙwallon kwando da jiharku ta fi so a kan komai. Ka yi lissafin biyan banki a kan waɗannan, ranar wasa ta zama ƙari kawai. Ni abin da ya riƙe ni ke nan, kai ɗalibai filin jirgi lokacin hutu da kai tsofaffi asibiti a Spokane, da shi nake biya a hankali. Pac-12 ɗin ma an sake haɗa ta da Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Texas State daga 2026, 'yan Boise dai suna tafiya da yawa, ina sa rai a kansu.

Kar ka sa gidanka ko kuɗin adashin madam a cikin jingina, don Allah. Kuma kar ka gaya wa mutanen gida adadin abin da ka ci bashi, ka ga abin da ya faru da tawa tsohuwar. In kana so ka yi min magana ta gefe, akwai takardar yarjejeniya da wani lauya ya tsara min daga baya, sai in turo maka ka gani, amma ka kai ta a duba maka a can don dokar North Carolina daban take da tamu. Allah Ya sa albarka a neman.